Famfon Tagulla a Ƙarƙashin Motar 'Yan Makaranta

Daga:
Mai Gidan Burodi na Kan Tudu,
ta hannun ƙanenta, direban motar burodi,
Gida na ƙarshe, Layin Tankin Ruwa.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ofishin Duba Lafiyar Motoci,
Sashen Motocin Ɗaukar Fasinja.

Litinin, 9 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN TSAGAGGEN AKSUL DA AKA ƊAURA WA MOTAR ƊAUKAR YARA TA MAKARANTAR ƘASAN GADA, DA ROƘON A DAKATAR DA MOTAR KAFIN RANAR ASABAR

Bayan gaisuwa mai yawa, da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina rubuto wannan takarda ne a madadin yayata, mai gidan burodi, wadda ita ce mai ƙorafi. Ba rashin iya rubutu ya sa ta wakilta ni ba. Ta ɗauki biro ta fara da kanta, sai ta kai layin da za a ambaci wanda ake ƙara, hannunta ya ƙi. Wanda ake ƙarar ɗanta ne na cikinta, bakaniken da kowa ke kira Injiniya, mai gareji a bayan gidan mai na gangare. Ni kuma kawunsa ne, a kafaɗata ya koyi leƙa cikin inji. Na faɗi wannan tun daga farko domin kada ofishinka ya ji shi daga wani bakin, ya ɗauka rigimar cikin gida ce aka kawo masa.

Taƙaitaccen zancen shi ne: motar da ke kwasar yara goma sha ɗaya daga unguwarmu zuwa makaranta kowace safiya tana tafiya ne a kan tsagaggen aksul, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya biyu. Daga motarmu aka cire shi saboda ya mutu. Ga bayanin dalla-dalla.

1. Yadda mai ƙorafi ta san ƙarfen.

Marigayi maigidan Yaya ya bar mata gidan burodi da wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake ce wa wagon, da ita muke raba burodi har yau. Shekara goma sha tara da suka wuce, murfin ramin da ake zuba wa aksul mai ya kwance ya faɗi a hanya. Marigayi, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai taɓa sayen abin da zai iya kwancewa a gida ba. Ya shiga kicin, ya cire ƙaramin famfon tagulla da ke jikin duron ruwan Yaya, ya kwanta ƙarƙashin mota ya murɗa shi a ramin, ya rufe bakinsa. Famfo ya zauna ɗaram kamar don wurin aka ƙera shi. Ya ce mata aro ne, ƙarshen mako zai dawo da shi.

Yaya ƙaramar mace ce, ba ta fi buhun fulawa nauyi ba, amma kanta ya fi ƙarfen mota tauri. Ta rantse ba za ta sayi wani famfo ba sai nata ya dawo. Ta toshe duron da guntun itace da tsumma, ta koma ɗiban ruwa da kofi ta sama. Kullum sai ta yi masa mitar famfo, kullum sai ya ce ƙarshen mako, har abin ya zama gaisuwarsu ta safe. Ya rasu bai dawo da shi ba, duron kuma yana nan da tsummansa.

Ina roƙon afuwa da na cika ofishinka da zancen kicin. Dalilin shi ne famfon yana da kunne biyu na murɗawa, ɗaya ya karye tun ranar da Yaya ta buge shi da ludayi. Ban yi zaton akwai wata mota a duniya da ke yawo da famfon kicin mai kunne ɗaya a ƙarƙashinta ba.

2. Yadda aka cire shi, da abin da aka faɗa a ranar.

A farkon watan Fabrairu motar burodi ta fara wani nishi daga baya, musamman idan na sha kwana da kaya. Na kai ta garejin Injiniya. Ranar 10 ga wata ya ɗaga ta, ya sauke aksul ɗin, ya wanke shi da fetur, sannan ya aika a kira mahaifiyarsa. Ina tsaye a wurin. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan wata tsaga da ta kewaye ƙarfen, kamar faɗin tafin hannu daga inda tayar hagu take zama. Farcenta ya shige ciki. Ya nuna mata tsohuwar walda a gefen tsagar, ya ce an taɓa ɗinke wurin a zamanin Baba, kuma ƙarfen da aka ƙona sau ɗaya ba ya karɓar ɗinki na biyu. Kalmominsa, kamar yadda mu biyu muka ji su, su ne: "Mama, wannan gawa ce. Ranar da zai rabu ba zai yi sallama ba, taya kawai za ki gani ta wuce ki."

Gaskiya ta wajaba ko a takardar ƙara. Yaron nan ya sha wahala a kan motar mahaifiyarsa. Ƙirar ta tsufa, an daina kawo kayanta. Ya zaga wuraren masu tsofaffin motoci har takalminsa ya huje kafin ya samo lafiyayyen aksul guda ɗaya, ya ɗaura mana, bai karɓi ko ruwan sha ba. Ba mu da ƙorafi a kan wannan aikin. Motarmu lafiya lau take.

Yaya ta ce to, tunda an sauke, a ba ta famfonta. Ya ce hannunsa da maiƙo, zai cire mata ƙarshen mako. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe abin a jini yake. Aka jingine tsohon ƙarfen a jikin katanga, inda ake tara kayan da aka cire, domin a garejin nan duk abin da aka sauke daga mota ya zama na gareji sai masu sayen tsohon ƙarfe sun zo. Muka tafi muka bar shi a can.

3. Inda aka sake ganinsa.

Injiniya yana da 'ya mai shekara shida, muna kiranta Lauya, saboda ba a taɓa cewa ta yi abu ta yi ba tare da ta nemi dalili ba. Tana zuwa makarantar da ke ƙasan gada. Motar makarantar ƙirarsu ɗaya da tamu, tsufansu ma kusan ɗaya. Daga ƙofar gidan burodi take kwasar yaran unguwa, ta gangara da su doguwar gangaren nan mai kwana biyu, ta hau gada, sannan makaranta. Wanda ya san hanyar ya san kwana ta biyu ba ta da shinge, kuma ƙasanta kwari ne mai duwatsu.

Ranar Laraba, 14 ga Mayu, robar ruwan Lauya ta kuɓuce mata ta gangara ƙarƙashin motar. Yaya ta durƙusa, da ciwon gwiwarta da komai, ta miƙa hannu. Tana ɗaga kai ta yi ido biyu da famfonta. An shafe shi da baƙin fenti tare da sauran ƙarfen, amma kunnensa ɗaya. Ta ce da farko murna ce ta zo mata, kamar ta gamu da tsohon maƙwabci a kasuwa. Sai daga baya ta tuna abin da yake maƙale a jikinsa. Ta shafa hannu zuwa ɓangaren hagu, ta ji tudun sabuwar walda, an goge shi an bi da fenti. Kafin ta iya miƙewa direba ya danna oda, yara suka yi mata sai an jima, motar ta tashi da jikarta a kujerar baya ta hagu.

Ni na tarar da ita zaune a bakin kwata da robar ruwa a hannu. Na yi shekara sittin da sanin matar nan, ban taɓa ganinta haka ba sai ranar.

4. Amsar wanda ake ƙara.

A ranar ta je gareji, na bi ta. Da farko Injiniya ya ce famfo ai da yawa a duniya. Ta tsaya tana kallonsa kawai. Sai ya ja mu bayan wata mota, ya rage murya. Ya ce aksul ɗin motar makaranta ya niƙe gaba ɗaya a watan Afrilu, ya nemi wani ya rasa, domin guda ɗayan da ya rage a gari yana ƙarƙashin motarmu. Shugabar makaranta ta tsare shi da waya safe da yamma, iyaye sun tsare ta, shi kuma sunansa ne a bakin kowa cewa babu motar da ke gagarar Injiniya. Ya ce waldar da ya yi ba irin ta zamanin Baba ba ce, ya bi ta ciki da waje, za ta kai ƙarshen zango, a hutu zai nemo wani.

Yaya ta tuna masa maganar gawa. Ya ce ya faɗa ne don ta yarda a canza. Ta ce to, ya kwance lafiyayyen da ke motar burodi ya ɗaura wa ta makaranta, motar burodi ta kwanta, mu raba da baro idan ta kama. Ya ce idan ya sake sauke aksul ɗin da ya ɗaura wata ɗaya da ya wuce, me zai ce wa shugabar makaranta? Gari zai ɗauka, kuma ba zai ƙara ganin mota a garejinsa ba. Ya ce, "Mama, ki bar ni da aikina, ni ban taɓa shiga miki kwaɓin burodi ba."

Ranka ya daɗe, da a nan abin ya tsaya, da wataƙila mun yarda, domin shi ne mai sani, mu kuwa burodi muka sani. Amma washegari, Alhamis, 15 ga Mayu, ya zo ƙofar gidan burodi a kan babur, ya ɗauki Lauya ya kai ta makaranta da kansa. Ya ce wa direba wai warin mota yana tayar mata da zuciya. Yarinyar da ta girma a gareji, wadda take cin abinci a kan tsohuwar taya. Daga ranar har yau ƙafarta ba ta sake taka motar ba. Sauran yara goma kuwa suna shiga kullum.

Wannan ne ya karya zuciyar Yaya, ba waldar ba. Ta ce ta iya yafe wa ɗanta kuskure, amma mutumin da ya cire tasa 'yar ya bar na mutane ba kuskure yake yi ba.

5. Ƙofofin da aka ƙwanƙwasa.

Yaya ta je wurin shugabar makaranta. Matar ta karɓe ta da mutunci, ta ba ta kujera, ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta fito da ita waje ta nuna mata takardar shaidar lafiya da ke manne a gilashin motar, mai hatimin ofishinka, mai kwanan wata 28 ga Afrilu. Ta ce ita ba bakanikiya ba ce, kuma ba za ta bar hatimin hukuma ta bi maganar famfo ba. Yaya ta ce a kwashi yaran a motar burodi. Shugaba ta ce motar burodi ba ta da izinin ɗaukar yara, idan wani abu ya faru ita za a kama. Ta haka lafiyayyar mota ta zama haramtacciya, mai tsaga kuma ta zama halattacciya.

Direban makaranta, dattijo mai haƙuri, shi ya kai motar ofishinku a watan Afrilu. Ya shaida mana an gwada fitilu, an gwada oda, an gwada birki da abin share gilashi, duk sun yi. Ya ce babu wanda ya shiga ƙarƙashinta, domin ramin da ake shiga a duba cikin mota ya cika da ruwa, an rufe shi da katako, har an ajiye benci a kai. Ba na zargin kowane jami'i da mugun nufi. Ina faɗin abin da aka duba ne da abin da ba a duba ba.

Yaya ta tare iyayen yara a ƙofar gidan burodi ta gaya musu. Mace ɗaya ta tsorata ta riƙe ɗanta a gida, bayan kwana kaɗan aiki ya matse ta, ta mayar da shi. Sauran suka je suka tambayi Injiniya, domin shi ke gyara musu ababen hawa. Ya ce musu tun rasuwar Baba, Mama ta maƙale a zancen wani famfo, tsufa ne ya fara taɓa ta, a yi haƙuri da ita. Yanzu idan ta wuce, sai ka ji ana ce mata, "Mama, an samu famfon?" Tana amsa gaisuwa ta wuce. A gida ne take zama ta ƙura wa duro ido, ni kuma ina jin kamar in je in ɗaga gareji in kife.

Ranar Talata, 20 ga Mayu, muka zo ofishinka. Jami'in da ke teburin karɓar baƙi ya yi mana bayani cikin ladabi cewa motar da ke da shaida mai rai ba a sake kiranta sai da ɗaya daga abu biyu: ko rubutaccen ƙorafi mai ɗauke da bayanin wanda ya yi aikin, ko rahoton hatsari. Yaya ta sa ya maimaita na biyun. Ya maimaita.

6. Abin da mai ƙorafi take yi tun daga lokacin.

Za a tambaya me ya sa takardar ba ta zo a ranar ba. Amsar ita ce uwa ce. Ta san abin da ƙorafi a rubuce zai yi wa ɗanta, sai ta ce bari ta gwada hanya ɗaya da ta rage. Gurbin Lauya a motar yana nan, ba a ba wa kowa ba. Washegari da safe Yaya ta wanke hannu daga fulawa, ta ɗaura ɗankwali, ta shiga motar makaranta ta zauna a kujerar baya ta hagu, daidai kan tsagar. Ta ce wa direba ta zo rakiya. Ta ce mini, "Ya cire 'yarsa. Bari mu gani ko zai cire uwarsa."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce mata nauyi take ƙara wa ƙarfen. Ta ce to in kwashe jakunkunan yaran a motar burodi, sun fi ta nauyi. Haka muke yi har yau. Ita tana ciki, ta tura yaran gaba da ɓangaren dama, tana koya musu waƙa don kada su yi tsalle. Direba yana gangarawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, masu motoci suna zaginsa. Ni ina biye da su a baya da burodi da jakunkuna.

Ranka ya daɗe, ban san ko ka taɓa bin mota kana kallon taya ɗaya tun daga tudu har gada ba. Ta gilashin baya ina hango ɗankwalin yayata. Idan na sauke ido ina ganin famfon, domin fenti ba ya kama tagulla, ya fara ɓarewa, rana tana haska shi. A kwana ta biyu nakan manta da numfashi sai mun hau gada. Yaran kuma suna juyowa suna yi mini gwalo, suna kiran Kawu mai burodi.

Injiniya yana wuce mu a kan babur kusan kullum. Lauya tana ɗaga wa kakarta hannu, tana ihun me ya sa Kaka ta zauna a wurinta. Shi ba ya juyowa. Ya rame, na ga wannan, kuma matarsa ta ce ba ya cin abinci. Amma bai zo da jak ɗin ɗaga mota ba.

Ranar Juma'a, 6 ga Yuni, na ga baƙin mai ya zana layi a cikin tayar hagu, wanda babu shi a da. Da muka tsaya na duba, fentin da ke kan waldar ya tsage siriri kamar gashi, mai yana tsattsafowa. Direba ya ce tun shekaranjiya yake jin wani ƙas-ƙas idan ya karya kan mota zuwa dama. Na aika wa Injiniya saƙo a ranar cewa ƙarfen ya fara kuka.

7. Abin da ya faru jiya.

Jiya Lahadi da la'asar ya zo gida. Rabonsa da shigowa tun ranar gareji. Yaya tana jin sallamarsa ta miƙe, fuskarta ta washe, ta ɗauka ya zo ya karɓi makullin motar burodi ne. Har ta fara ce mini in je in kwashe tirorin burodi daga ciki. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba. Sannan ya ciro wani abu a naɗe cikin tsumma, ya ajiye a kan teburin kicin kusa da duro, ya ce, "Mama, ga kayanki. Yanzu sai ki huta, ki daina shiga motar mutane." Ya tashi ya fita.

Famfon ne. Ya wanke shi, ya kankare fentin, ya goge shi yana ƙyalli kamar sabo.

Na ce wataƙila ya canza aksul ɗin ne gaba ɗaya, kunya ta hana shi faɗa. Yau da safe, kafin yara su taru, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin motar makaranta. Aksul ɗin yana nan, shi ne dai. An sa sabon murfin ƙarfe a inda famfon yake. An goge man da ke zuba, an sake bin waldar da fenti, har bai gama bushewa ba, ya kama mini yatsa. Abin da ɗanmu ya cire shi ne alamar da mahaifiyarsa take gane ƙarfen da ita.

Da na fito na gaya mata, sai ta ce in ɗauko takarda da biro idan mun dawo. Sannan ta shiga ta zauna a wurinta.

8. Dalilin gaggawa.

Ranar Asabar mai zuwa, 14 ga Yuni, makarantar za ta kai yara yawon ƙarshen zango gidan namun daji. Hanyar babban titi ce, mai manyan motoci, ba wurin da direba zai yi tafiyar ƙwai. Za a ƙara malamai biyu da kulolin abinci. An riga an raba wa yara huluna, tun yanzu suna kwana da su. Sunan Lauya ba ya cikin masu tafiya, mahaifinta ya ce za ta yi baƙi. Yaya ta ce da ita za a je.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, mai ƙorafi tana roƙon ofishinka:

(a) Ya ba da umarnin dakatar da motar ɗaukar yara ta makarantar ƙasan gada nan take, kafin ta sake gangara tudun ko sau ɗaya idan hali ya yi, kuma ko ta yaya kafin ranar Asabar.

(b) Ya turo jami'in da zai shiga ƙarƙashinta da kansa. Ba sai an jira ramin ofis ya bushe ba, ina da buhu da tocila. Kada ya nemi famfo, babu shi. Ya auna faɗin tafin hannu daga tayar baya ta hagu, ya kankare sabon fenti da wuƙa, zai gani.

(c) Ya karɓi tayin mai ƙorafi na bayar da lafiyayyen aksul ɗin motarta kyauta, a ɗaura wa motar makaranta a gaban jami'inku. Shi kuma tsagaggen a yanka shi gida biyu a wurin, kada a sake jingine shi a katangar kowa.

(d) Ya hukunta wanda ya yi aikin gwargwadon abin da doka ta tanada. Na karanta mata wannan layin, ta ce a bar shi yadda yake. Abu ɗaya ta ce in ƙara: idan za a zo ɗaukarsa, a zo bayan ya sauke 'yarsa a makaranta, kada a yi a gabanta, domin za ta tambayi dalili.

An haɗo da wannan takarda, a cikin ambulan ɗin, famfon tagulla guda ɗaya mai kunne ɗaya. Na ce mata ta mayar da shi jikin duronta, shekara goma sha tara take jiransa. Ta ce ba za ta sha ruwan da ya bi ta cikinsa ba. Muna roƙon a ajiye shi a kan teburinka, ba a cikin fayil ba, har sai an sa hannu.

Jami'inka ya ce mana ofishin nan yana motsawa da ɗaya daga takardu biyu. Ga ta farko mun kawo. Idan ana neman mai ƙorafi domin ƙarin bayani, da rana tana gidan burodi. Da safe kuwa tana cikin motar, kujerar baya, ɓangaren hagu, ni ina bayanta.

Muna jiran umarninka, tare da dukkan girmamawa da biyayya. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya sa takardar nan ta riga ɗayar isowa.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Direban motar burodi,
ƙanen mai ƙorafi, kawun wanda ake ƙara.

An karanta mini, haka ne.

(sa hannu)
Mai Gidan Burodi na Kan Tudu,
mahaifiyarsa.